Zuwa garin Kash na gaɓar tekun Turkiyya a Afrilu da Mayu: tambayoyi da amsoshi

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Turkiyya a Santambul suke tsayawa: a yi sari, a ga likita ko a kai yaro makaranta, a juyo. Wannan shafi na wanda ya samu rarar kwanaki ne, yana son ya ga teku ba tare da ya shiga turmutsutsun masu hutu ba. Garin da za mu yi magana a kai shi ne Kash, wanda a allunan hanya da tikitin mota za ka ga an rubuta Kaş, ƙaramin gari a bakin Bahar Rum cikin lardin Antalya. Lokacin kuwa watannin Afrilu da Mayu ne, bayan hunturu ya ja da baya, kafin zafi da baƙi su sauka tare.

Wane irin gari ne, kuma me ake zuwa gani?

Gari ne da dutse ya tokare ta baya, teku ta tare ta gaba, saboda haka gidaje hawa suka yi bisa gangare, wani a kan wani. Tsakiyar garin ba ta da girma, cikin minti ashirin ka ratsa ta da ƙafa. Tasha biyu ce ta jiragen ruwa. Akwai tsohuwar da ke bakin dandalin gari, inda kwale-kwalen masunta, jiragen masu nutso da manyan jiragen katako da ake kira gulet suke jere. Akwai kuma sabuwar marina a wani lungun teku da ke yamma da gari, mai ɗaukar jiragen shaƙatawa sama da 400, inda Turawa da attajiran Santambul ke ɗaure jiragensu su bar su duk tsawon hunturu.

Garin tsoho ne ƙwarai. A zamanin da sunansa Antifelos, tashar ruwa ce ta mutanen Likiya, wata tsohuwar al'umma da ta zauna a wannan gaɓar. Har yau a ƙarshen layin kasuwar da ake kira Uzun Çarşı akwai wani dogon kabarin dutse mai kawunan zaki, wanda aka sassaƙa a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, yana tsaye tsakanin shagunan darduma da na azurfa, mutane na wucewa ta gefensa da ledar burodi. Can gaba kaɗan a hanyar yamma akwai dandalin wasan kwaikwayo na dutse mai layin kujeru 26, yana fuskantar teku. Da yamma nan mutane ke zama su kalli faɗuwar rana. Gidajen tsohon gari masu baranda ta katako yawancinsu ginin Girkawa ne da suka zauna nan har zuwa 1923, shekarar da Turkiyya da Girka suka yi musayar al'umma.

Me ya sa Afrilu da Mayu? Ba a lokacin zafi ake zuwa teku ba?

A lokacin zafi ake zuwa, shi ya sa ma nake cewa a kauce masa. A Yuli da Agusta garin nan, wanda mazaunansa na dindindin dubbai kaɗan ne, yakan cika ya batse. Mota ba wurin ajiyewa, gidan abinci sai ka kama tebur tun da rana, kuɗin ɗaki kan ninka, zafi kuma yakan haura digiri 33 ga danshin teku mai sa jiki ya yi ta naso. Wanda ya baro zafin Sakkwato ko Yamai bai biya kuɗin jirgi don ya je ya sake yin gumi ba.

A Afrilu kuwa, daidai lokacin da Kano ke fama da digiri 40, rana a Kash tana kaiwa wajen 21 ko 22. A Mayu ta kai 25 zuwa 26. Duwatsun da za su bushe su yi toka-toka a Agusta, yanzu kore ne shar, furanni ko'ina, can nesa kuma ƙanƙara ba ta gama narkewa a kan tsaunin Akdağ mai tsayin kimanin mita 3,000 ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne a wannan lokacin garin aikin gabansa yake yi, ba ta baƙo yake ba. Ka sauka tasha da safe, za ka ga mai jirgi ya durƙusa a kan bene yana goge katako da takardar gogewa, ɗan aikinsa na biye da gwangwanin banish, ƙanshin fenti ya gauraya da na ruwan gishiri. A marina ana ɗaga jirage da ƙatuwar na'ura daga inda suka sha hunturu a tudu, ana sauke su ruwa ɗaya bayan ɗaya. Masu gidajen abinci na fito da kujeru suna wankewa, kyanwoyi na kwance a kan ragar masunta. Kowa maganarsa ɗaya: sezon, wato kakar baƙi, ta kusa buɗewa. Mai shago yana da lokacin da zai zaunar da kai ya ba ka shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi, abin da ba zai samu sukunin yi ba bayan wata biyu.

To wane mako ya fi: farkon Afrilu ko ƙarshen Mayu?

Ba ɗaya ba ne ko kusa. Farkon Afrilu caca ne. Za ka iya dacewa da mako guda na rana tas, za ka iya kuma tarar da ruwan sama kwana uku a jere, teku ta yi fushi, jirage su ƙi fita. Otal-otal da yawa da suka rufe tun Nuwamba ba su buɗe ba tukuna. Daga kusan 20 ga Afrilu abubuwa ke kankama. Tsakiyar Mayu zuwa ƙarshensa kusan komai ya buɗe, ruwan sama ya yi ƙaranci, amma farashi ya fara ɗagawa.

In ni za a tambaya, makonni uku na farkon Mayu su ne tsaka-tsaki. Sai dai a duba kalanda saboda ranakun hutu. Turkiyya na hutu a ranar 23 ga Afrilu, da 1 ga Mayu, da 19 ga Mayu, kuma idan ɗayansu ya haɗu da ƙarshen mako mutanen Ankara da Santambul kan kwararo gaɓar teku. Wanda ya fi duka shi ne hutun Babbar Sallah, da suke kira Kurban Bayramı. A 'yan shekarun nan cikin Mayu yake faɗowa: wajen 27 ga wata a 2026, wajen tsakiyar wata a 2027, farkon wata a 2028. Gwamnati kan haɗa shi da ƙarshen mako wani lokaci ya zama kwana tara. A wannan makon duk arhar da kwanciyar hankalin da muke magana a kai babu su, garin kamar Agusta yake komawa. A kuma sani cewa Turkiyya da lissafin falaki take tsayar da ranar Sallah tun kafin lokaci, don haka tana iya bambanta da ta gida da kwana ɗaya.

Ana iya shiga ruwa a yi iyo?

Ana iya shiga, amma gaskiya ɗaya ce: ruwan da sanyi. Teku ba ta ɗumama da sauri kamar iska. A Afrilu ruwan yana wajen digiri 17 zuwa 18, a ƙarshen Mayu ya kai 21 ko ɗan sama da haka. Za ka ga Bajamushe ko Baturen Ingila ya faɗa ciki yana murna, kada wannan ya ruɗe ka. Ga wanda ya saba da ruwan gulbi a bazara, minti biyar sun isa haƙora su fara haɗuwa. Har ila yau a wasu gaɓoɓin, musamman wanda ake kira Küçük Çakıl a cikin gari, akwai maɓuɓɓugar ruwan daɗi mai sanyi da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse ta shiga tekun.

Idan babban burinka iyo ne da kwanciya a bakin ruwa, ka jira Satumba ko Oktoba, lokacin da teku ta sha rana wata huɗu, baƙi kuma sun ragu. Afrilu da Mayu na mai tafiya a ƙasa ne, da mai son kufai, da mai son zama a jirgi yana kallon ruwa.

Wani abu kuma: a cikin Kash babu gaɓa mai yashi. Tsakuwa ce da duwatsu, sai dandamalin siminti da tsani da otal-otal suka kafa. A jikin duwatsun akwai wata baƙar halitta mai ƙayoyi masu karyewa cikin ƙafa, don haka a sayi takalmin roba na shiga ruwa. Mai neman yashi sai ya tafi Kaputash, wajen kilomita 20 ta yamma, wata 'yar gaɓa a bakin kwazazzabo da ake sauka ta matakala kusan 190, ko ya ƙara gaba zuwa Patara.

Yaya ake zuwa daga Najeriya ko Nijar?

Ta Santambul. Turkish Airlines na tashi daga Abuja, Legas, Yamai da Akra. Daga Santambul sai a sake hawa jirgin cikin gida na sa'a ɗaya da 'yan mintuna zuwa ɗaya daga filaye biyu. Dalaman ne ya fi kusa, kimanin kilomita 150, tafiyar sa'a biyu da rabi a mota. Antalya ya fi yawan jirage amma ya fi nisa, kusan kilomita 200, kuma a bas sai ka ba da sa'a huɗu.

Hanyar, wadda lambarta D400, tana bin gefen dutse ne da teku a ƙasa, kwana bayan kwana. Kyakkyawa ce da rana, amma wanda mota ke sa wa jiri ya sha magani kafin ya hau, ya kuma zauna gaba. Daga Dalaman yawanci sai an biyo ta Fethiye a canza mota, sai dai in ka yi shatar mota kai tsaye. A wannan lokaci na shekara motocin yamma ba su da yawa, don haka kada a zaɓi jirgin da zai sauka da dare.

Maganar biza kuwa, mai fasfon Najeriya yana buƙatarta, kuma ƙa'idojinta na yawan canzawa. A nemi bayani daga ofishin jakadancin Turkiyya tun da wuri, kada a dogara da abin da wani ya yi shekara biyu da suka wuce. Agogon Turkiyya yana gaban na Najeriya da Nijar da sa'a biyu duk shekara.

Jiragen yawo suna fita a wannan lokacin?

Suna fita, amma ba kullum ba, kuma ba duka ba. A Afrilu mai jirgi kan jira ya tara mutane, in ba su kai ba ya ɗage zuwa gobe. Hanya mafi sauƙi ita ce ka bi layin jiragen a tsohuwar tasha da yamma, ka karanta allunan da suka jingina, ka tambayi kyaftin da bakinka ko gobe akwai fita. Kada ka biya kuɗi duka sai ka ji yadda za a yi in iska ta hana.

Babbar tafiya ita ce ta Kekova, kuma don ita kaɗai ma zuwa Kash ya biya. Tsibiri ne dogo da ke gabas, wanda girgizar ƙasa a ƙarni na 2 miladiyya ta nutsar da wani sashen garin da ke gefensa. Jirgi kan rage gudu ya bi gefen tsibirin a hankali, kana leƙa ruwa kana ganin tushen gidaje, da matakalar dutse da ta fara a tudu ta ci gaba da sauka cikin teku. Tun 1990 aka sa yankin ƙarƙashin kariya, an hana iyo da nutso a kan kufan. A tsallake akwai ƙauyen Kalekoy, wanda mota ba ta shigarsa, da ganuwa a saman tudu da wani kabarin Likiya da ke tsaye cikin ruwa. A Agusta jirage kan yi layi a wannan mashigi suna sakin kiɗa. A farkon Mayu kuwa kana iya jin ƙarar ƙararrawar awaki daga kan tsibirin. Idan teku ta ɗan motsa, a je ƙauyen Üçağız a mota, tafiyar da ba ta kai sa'a ɗaya ba, a hau ƙaramin jirgi daga can, domin ruwan wajen a killace yake.

A tafi da rigar sanyi ko da rana ta fito. Iskar kan ruwa daban take da ta tudu.

Wancan tsibirin da ake hangowa daga tasha fa, ana zuwa?

Meis ke nan, Girkawa na ce masa Kastelorizo. Kana ganin gidajensa da ido daga dandalin Kash, jirgi kuma minti ashirin da ɗoriya yake yi. Amma ƙasar Girka ce, tun bayan yarjejeniyar 1947 da ta karɓe shi daga hannun Italiya. Shigarsa shiga yankin Shengen ce, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya. In ba ka da bizar Shengen a fasfonka, sai kallo daga nesa. In kana da ita, ka tabbata bizarka ta Turkiyya mai shiga fiye da sau ɗaya ce, in ba haka ba ka fita ke nan, dawowa ta zama matsala.

Saboda wannan kusanci da iyakar Turai, jami'an tsaro na sa ido a hanyoyi da gaɓar, akan kuma tsayar da motoci a duba takardu. Fasfo ya kasance a jikinka duk inda za ka, ba a akwatin otal ba.

Ban iya ruwa ba, kuma ba na son jirgi. Akwai abin da zan yi?

Kai ne ma wannan lokacin ya fi yi wa daidai. Ta cikin Kash wata shahararriyar hanyar ƙafa ta ratsa, Hanyar Likiya, mai tsawon fiye da kilomita 500 daga wajen Fethiye zuwa kusa da Antalya. Wata Baturiyar Ingila mai suna Kate Clow ce ta tsara ta, aka buɗe a 1999, an yi wa duwatsu alamar fenti ja da fari. Ba wanda ya ce ka bi ta duka. Daga gari zuwa lungun Limanağzı tafiyar sa'a ɗaya da rabi ce ko biyu, ta cikin itatuwan zaitun da gefen kaburburan da aka fafe a jikin dutse. A Yuli wannan tafiya azaba ce, a Afrilu kuwa daɗi. A sa takalmi mai riƙe ƙafa, a ɗauki ruwa, a lura da inda ake taka ƙafa domin macizai sun fara fitowa shan rana. In ka haɗu da garken awaki, ka ba karen makiyayi hanya.

Sai kufai, waɗanda suka yi yawa har sai ka zaɓa. Patara, wajen kilomita 45 ta yamma, ita ce na fi ba da shawara. Nan ne majalisar tarayyar biranen Likiya take, ginin da aka gyara kana iya shiga ka zauna, kuma tsarin wakilcinsu na cikin abin da waɗanda suka rubuta kundin mulkin Amurka suka yi nazari. Bayan kufan akwai gaɓar yashi mai tsawon kilomita 18, inda kunkurun teku ke fitowa yin ƙwai daga watan Mayu, shi ya sa ake rufe ta da dare. Gaba kaɗan akwai Ksantos da Letun, waɗanda UNESCO ta sa cikin jerin kayan tarihin duniya a 1988. Ta gabas akwai Demre, da kaburburan tsohon birnin Mira da aka sassaƙa a fuskar dutse hawa-hawa. Duk kwarin Demre rumfunan leda ne na tumatir da tattasai, daga sama sai ka ɗauka tafki ne ke ƙyalli.

Kwazazzabon Saklıkent da 'yan yawon buɗe ido ke yabo, a wannan lokacin ruwan ƙanƙarar da ke narkewa ya cika shi, yana da ƙarfi da sanyi, sau da yawa ba a barin mutane su shiga can ciki. A bar shi.

An ce garin masu nutso ne. Sabon shiga zai iya gwadawa?

Kash na cikin wuraren nutso da suka fi suna a Turkiyya, kuma makarantun nutso kan fara aiki tun Afrilu. Suna ba da rigar roba mai kauri, malami kuma yana riƙe da kai a ruwa mara zurfi. Wanda bai taɓa yi ba ya fi kyau ya bari sai ƙarshen Mayu. Ƙwararru kuwa suna da ramuka da bangayen dutse, har da wani tsohon jirgin sama da aka nutsar da gangan.

Ko ba za ka shiga ruwa ba, labarin Uluburun ya cancanci sani. A 1982 wani mai nutson neman soso ya gano ɓaraguzan jirgi a zurfin fiye da mita 40, kusan kilomita 10 daga Kash. Jirgin ya nutse ne a ƙarshen ƙarni na 14 kafin miladiyya. An shekara goma, daga 1984 zuwa 1994, ana tsamo kayansa: tagulla kusan tan 10, kuza tan ɗaya, gilashi, hauren giwa, haƙoran dorina, ɓawon ƙwan jimina, baƙin katako na Afirka, da hatimin zinariya mai sunan Sarauniya Nefertiti ta Masar. Wato fiye da shekara 3,000 da suka wuce kayan nahiyarmu na bin wannan gaɓar a jirgin fatake. Kayan suna gidan tarihin Bodrum yanzu, ba a Kash ba.

Ina zan sauka, kuma me zan tambaya kafin in biya?

Ƙananan otal-otal ne da gidajen baƙi na iyali da ake kira pansiyon. A wannan lokacin kana da bakin ciniki, musamman in za ka kwana uku ko fiye.

Tambayi ko na'urar ɗakin tana ɗumamawa, domin daren Afrilu kan sauka zuwa digiri 12 ko ƙasa, gidajen kuma don zafi aka gina su. Tambayi ruwan zafi: gidaje da yawa da hasken rana suke dafa shi, ranar da aka wuni da hadari sai ka tarar da shi salam. Wurin iyo na otal galibi ba a ɗumama shi, kada hotonsa ya sa ka ƙara kuɗi. Idan an ce ɗaki na kallon teku, a garin nan ma'anarsa hawa, don haka mai tafiya da tsoho ko mai ciwon gwiwa ya tambayi yawan matakala.

Sai hayaniyar gini. A yankunan yawon buɗe ido na lardin ana hana aikin gini daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Oktoba, saboda haka kafin ranar kowa rige-rigen gamawa yake. Tambayi ko akwai gini a maƙwabta. Otal-otal na zirin Çukurbağ da ya miƙe cikin teku suna da kyau da shiru, amma suna da tazarar kilomitoci daga gari, ƙananan motocin haya da ake kira dolmuş kuma ba su cika zirga-zirga ba kafin kakar baƙi ta buɗe. Wanda ba shi da mota ya zauna cikin gari.

Abinci fa? Musulmi zai ci hankali kwance?

Naman shanu, rago da kaza ne, naman alade da wuya ka gan shi. Amma a sani gari ne na shaƙatawa: yawancin gidajen abinci na bakin tasha suna sayar da giya, za ka ga kwalba a teburin da ke kusa da kai. Wanda wannan zai dama ya koma layukan baya wajen tashar mota, inda ma'aikata ke ci. Nan ake samun lokanta, gidan abincin da ake jera tukwane ka nuna da yatsa: wake da shinkafa, miyar ganye, kaza, da ayran, wato nono mai ɗan gishiri. Ya fi arha nesa ba kusa ba.

Game da kifi, daga 15 ga Afrilu ake hana manyan jiragen kamun kifi fita har zuwa Satumba, don kifi ya hayayyafa. Ƙananan masunta na ci gaba, amma abin da suke kawowa kaɗan ne, da tsada. Kifayen da za ka fi gani a faranti, levrek da çipura, yawanci na kiwo ne, ba laifi gare su. Duk kifin da ba a rubuta kuɗinsa ba da kilo ake sayarwa, a auna a gabanka, a faɗa maka kuɗi kafin a ɗora a wuta.

Ranar Juma'a kasuwa ke ci. Mutanen ƙauyukan tudu kan sauko da cuku, zaitun, zuma da ganye. Lokacin ɗanyen almon ne da ake ci da gishiri, da wasu korayen 'ya'yan itace masu tsami da ake kira erik, da sitiroberi. A gefe mata na zaune suna murza gözleme, wani siririn burodi da ake cusa wa cuku ko alayyafo a gasa a kan faifan ƙarfe. Mai son yaji ya taho da nasa, barkononsu ba ya kai wa inda muka saba.

Sallah da sutura?

Akwai masallatai a cikin gari, ana jin kiran sallah har tasha. Hanafawa ne, huɗuba da Turkanci. Abu biyu kan ba baƙo daga ƙasar Hausa mamaki. Na farko alƙibla: a nan kudu maso gabas take, ta fi karkata kudu, ba inda jikinka ya saba juyawa ba. Na biyu tsawon yini: a Mayu magariba sai wajen ƙarfe takwas na dare, isha'i kusan tara da rabi ko fiye, asuba kuma kafin biyar. Bayan gida a Turkiyya kusan duk yana da ɗan famfon tsarki a jiki, ba sai an nemi buta ba.

Mace mai hijabi ba wanda zai kalle ta sau biyu, kuma ana sayar da rigar iyo mai rufe jiki. A ɗaya ɓangaren, za a ga Turawa da 'yan ƙasar da shigar bakin ruwa. A Afrilu da farkon Mayu sanyi ya rage wannan sosai, wanda hakan ma wani dalili ne da iyali za su fi sakewa a wannan lokacin. Baƙar fata ba su da yawa a garin, don haka a ƙauyuka za a iya kallonka, wani ya tambaye ka daga ina. Sallama na buɗe baki a wajen dattawa.

Nawa zan tanada?

Ba zan ba da adadi da lira ba, domin hauhawar farashi a Turkiyya ta sa kuɗin bana ba ya zama na baɗi. Abin da za a riƙe shi ne Kash ya fi garuruwan cikin ƙasa tsada, kuma bakin tasha ya fi layin baya. Kuɗin shiga wuraren tarihi ga baƙi da yuro ake ƙayyade shi. A taho da dala ko yuro a canza kaɗan-kaɗan, kada a dogara da katin naira. A gidan abinci akan bar wa ma'aikaci kashi biyar zuwa goma cikin ɗari.

Me zan sa a jaka?

Kaya masu hawa-hawa: riga mara nauyi don rana, suwaita don dare, da rigar da ke tare iska da ruwa. Takalmin tafiya mai kyau ya fi komai, domin duwatsun layukan tsohon gari sun goge, da an yi yayyafi santsi suke. Hula da tabarau, saboda ranar kan ruwa na ƙona fuska ko da iska na kaɗawa. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne: mutumin Nijar cajarsa za ta shiga, na Najeriya da Gana sai da adafta. Mai asma ya riƙe maganinsa kusa, domin lokacin furanni ne, kuma wasu ranakun iskar kudu kan kwaso ƙurar Sahara ta tsallako teku da ita, sama ta yi hazo, in aka yi ruwa ya bar jan tabo a kan motoci da jiragen da aka gama wankewa. Kantin magani sunansa eczane, kullum akwai guda da ke kwana buɗe, ana liƙa sunansa a ƙofar sauran. Lambar gaggawa 112.

Kwana nawa ya isa?

Huɗu, in ba a lissafa ranar zuwa da ta komawa ba: ɗaya na gari da tasha, ɗaya na Kekova, ɗaya na Patara, ɗaya kuma a bar shi ba shiri, saboda ranar da iska za ta hana jirgi fita. A sa tafiyar Kekova a farkon kwanakin, don in an ɗage a samu inda za a mayar da ita. Ranar komawa kuma a bar Kash aƙalla sa'a biyar kafin tashin jirgi in ta Dalaman ne, shida zuwa bakwai in ta Antalya.